Ƙasar lambuna a Ojo ta gaji, tsutsa ta daina jin magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da lambu a wajen Ojo, a Legas, shekara shida ke nan, ina noman latas, alayyafo, lalo da albasa mai lawashi, wani lokaci kokwamba. Da can yuriya kaɗan ke isata, yanzu na ninka amma ganyen ba ya kyau kamar da. Feshi kuwa kusan kowane mako, tsutsa tana nan daram. Na ji ana maganar wani noma mai raya ƙasa da ba ya buƙatar taki da magani. Gaskiya ne? Kuma da riba a ciki, tunda filin ma ba nawa ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Zan fara da maganarka ta ƙarshe, don ita ce za ta yi mana jagora. Mai lambu a Legas baƙo ne a filinsa. Yau kana ban-ruwa, gobe ka wayi gari an sauke tifar yashi da bulo a bakin bedinka. Saboda haka ba zan ce maka ka dasa itatuwa ka jira shekara goma ba, duk da cewa a Maraɗi abin da ya farfaɗo da gonaki ke nan tun daga shekarun 1980, lokacin da manoma suka koma rainon kututturan gawo da kalgo maimakon sassabe su. Wannan na mai gonar gado ne. Kai abin da za ka zuba wa kuɗi da ƙarfi dole ya biya ka cikin wata uku zuwa shida.

Na biyu, kada ka yarda da duk wanda ya ce ka watsar da takin zamani da magani gobe da safe. Wanda ya yi haka a kan ƙasar da ta gaji, ganyensa zai yi rawaya, tsutsa ta cinye saura, ya dawo yana zagin malaman gona. Kuma kada ka sa rai cewa matan da ke zuwa sari a bakin lambu za su ƙara maka ko sisi don ka ce ba ka yi feshi ba. Su ganye suke dubawa, ya yi kore, ya yi faɗi, babu huji. Ribar wannan noma tana cikin kuɗin da za ka daina fitarwa, da bedin da zai daina mutuwa a hannunka.

Bari mu duba abin da ya sami ƙasarka. Mu da muka taso a Arewa mun zo Kurmi da hannun gida, amma ƙasar ba irin ta gida ba ce. Yankin Ojo har zuwa Badagry yashi ne, kuma ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano. Yuriya tana narkewa nan take. Idan ka watsa ta ran Litinin aka kwana ana ruwa irin na watan Yuni, rabon da shukarka za ta samu kaɗan ne, saura ya bi yashi ya gangara. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa wa manoma ba: yuriya tana ƙara wa ƙasa tsami a hankali, ƙasar Kudu kuwa dama mai tsami ce. Idan tsami ya yi yawa saiwa ba ta iya jan wasu sinadaran ko da suna nan. Sai ka ga kana ƙara taki, shuka tana ƙara ramewa. Sannan dubi yadda kake girbi: alayyafo da lalo tumɓuke su ake yi da saiwa, sau da yawa a shekara a bedi ɗaya, ba a barin ko kara. Kakanninmu a kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya ba hutu, amma ba banza ba; duk rani jakuna na fita daga birni da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, ga Fulani ana roƙonsu su sauka a gona bayan kaka. Kai shekara shida kana ɗiba, abin da kake mayarwa farin gari ne kawai. Yuriya kamar goro take ga ɗan dako, tana wartsakar da shi, amma ba ta zama tuwo.

Kafin ka sayi komai, ɗauki fartanya gobe bayan asuba ka haƙa rami kamu ɗaya a bedin da ya fi ba ka haushi, ka haƙa wani a gefen lambu inda ciyawa ta daɗe ba a taɓa ba. Damƙi ƙasar kowanne. Ta gefen za ka same ta da duhu, tana dunƙulewa kamar dambu, tana ƙamshin ruwan farko, wataƙila ka ga tana biyu ko uku suna nutsewa. Ta bedin kuwa fara ce, tana zubewa ta tsakanin yatsu. Daga nan ka tumɓuke latas ko lalo ɗaya da ya tsumbure ka wanke saiwar. Idan ka ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, to ba yunwa kaɗai ke damun shukarka ba, akwai wata tsutsar saiwa da ido ba ya gani, kuma ƙasa mai yashi da ake maimaita shuka iri ɗaya ita ce gidanta. Mutane kan rikita wannan da ƙullin saiwar wake, wanda alheri ne. Bambancin mai sauƙi ne: na wake a gefen saiwa yake manne, ka murza da yatsa ya fita, ka fasa shi ka ga cikinsa ja-ja, alamar yana tara wa ƙasa sinadarin da kake saye a buhun yuriya. Na cuta kuwa saiwar ce kanta ta kumbura, ba ya ɓantaruwa.

Abin da ƙasar ke nema ruɓaɓɓen abu ne, kuma a nan Legas ta fi gida arziki. Hukumar kwashe shara ta Legas, LAWMA, kan ce birnin yana fitar da shara kimanin tan 13,000 a rana, kaso mai yawa kuwa ragowar abinci da ganye ne. Je kasuwar Mile 12 ka ga tulin ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da ciyawar da ake shimfiɗa wa kaya a mota. Mayankar Oko-Oba a Agege kullum tana fitar da kashin shanu da abin cikin tumbi. Gidajen kaji na Ikorodu da Epe da hanyar Badagry neman mai kwashe musu kashi suke. Bayan Babbar Sallah duk inda aka tsayar da raguna an bar taki a ƙasa. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi kayan tsada, don haka ka nemi abin da ke kusa da kai, ku haɗu ku huɗu ko biyar masu maƙwabtaka ku ɗauki mota ɗaya. Abin da na hana ka shi ne baƙar ƙasar bola. Tana da kyau a ido, amma cikinta akwai fasassun batura da baƙin mai da dalma, ganye kuwa yana ja, kuma latas ɗanye ake ci.

Yadda za ka haɗa: zaɓi wuri mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Shimfiɗa busasshen abu kamar ciyawa, ganye, karan masara ko buntun shinkafa, kauri kamu ɗaya. A kai ka zuba ɗanye, wato sharar kasuwa da kashin dabba, kamar rabin wancan. Ka yayyafa ruwa, ka sake, har tulin ya kai ƙugunka, faɗinsa da tsawonsa kowanne aƙalla mita ɗaya; ƙaramin tuli ba ya ɗaukar zafi. Soka rodi a tsakiya ka bar shi. Bayan kwana uku ko huɗu ka zare, idan ba ka iya riƙe ƙarfen a tafin hannu ba, aiki ya kama. Zafin da ake so tsakanin digiri 55 ne zuwa 65, shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi. Idan ya yi sanyi kuma ya bushe, ƙara ruwa da ɗanye. Idan yana warin masai, ruwa ya yi yawa, juya shi ka ƙara busasshe. Ka damƙa ka matse: hannu ya jiƙe amma kada ruwa ya zuba. A gida matsalarmu tuli ya bushe, a Ikko matsalar ruwan sama ne, don haka ka rufe shi da tsohon tampol ko ganyen kwakwa. Kana juyawa duk kwana goma zuwa mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, ba ka gane abin da aka zuba.

Garin katako kuwa a yi hattara. Farkon zuwana Legas na ga ana ba da shi kyauta a wurin masu yankan katako, na cika buhuna na cakuɗa a bedi huɗu na alayyafo ina ganin na yi dabara. Mako biyu ganyen ya koma kamar an shafa masa kurkum, wani dattijo mai lambun kusa da ni ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, “Malam, wannan a littafi ka gani?” Abin da ya faru shi ne ƙananan halittun da ke ruɓar da katako suna buƙatar sinadarin da shuka ke ci, sai suka wawushe na cikin ƙasar. Kashin kajin gidan gona ma yawanci da garin katako yake zuwa, kuma ɗanyensa yana ƙone saiwa, saboda haka shi ma ta tuli zai bi. Toka tana rage tsamin ƙasa, amma ka watsa ta daban a bedi, kaɗan-kaɗan. Idan ka haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, ƙarfin takin zai tashi iska, hancinka ma zai gaya maka.

Yanzu lissafi, don kada ka ce na ruɗe ka. Yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Takin da ka haɗa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Kafin ka samu abin da ke cikin buhu ɗaya sai ka tara fiye da tan guda, kuma ba a lokaci ɗaya zai sake shi ba. Shi ya sa na ce kada ka watsar da na zamani. Aikin takin gargajiya daban ne: yana riƙe ruwa a yashi, yana riƙe yuriyar da ka zuba kada ta gudu, yana kawo ƙananan sinadaran da babu su a takin zamani na kamfa (NPK), yana ciyar da halittun da ke rage wa tsutsar saiwa ƙarfi. Ka zuba robar fenti ɗaya a kowace mita ɗaya ta bedi kafin dashe, ka cakuɗa da saman ƙasa kawai. Yuriyar kuwa ka rage kashi ɗaya cikin uku a zagayen farko, ka raba ta biyu, ka binne maimakon watsawa. Idan ganye bai nuna ƙorafi ba, zagaye na gaba ka sauko rabi.

Ka daina barin bedi tsirara. Tsakanin layin kokwamba da kabeji ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa wadda ba ta yi 'ya'ya ba. Ban-ruwan rani zai ragu, ruwan damina ba zai daddaɓe ƙasar ba. Da tsakiyar damina ka rage kaurin, don dodon koɗi yana son laima. Ka rage kifar da bedi da fartanya duk girbi. Bedin da ka ga ƙullin saiwa kuma kada ka mayar masa da latas ko lalo ko kuɓewa. Sa masa masara, wadda ɗanyarta ke da kasuwa wurin masu gasawa, ko albasa, ko ka cika shi da furen nan mai ruwan ɗorawa da Turawa ke kira marigold na wata biyu, saiwarsa tana kashe tsutsar.

Sai maganar ƙwari, inda na fi so ka ba ni hankalinka. Ka san zanzaro, mai gina ɗan tulun laka a bango. Wata rana ka fasa ɗaya ka duba. Wani za ka samu cike da gizo-gizo, amma wani irin, koren tsutsotsi za ka gani a jere, ba su mutu ba, ya harbe su sun sandare, ya ajiye wa ɗansa abinci. Daga lambunka ya ɗebo su. Rina ma haka take, tsutsa take taunawa ta kai wa 'ya'yanta. Juya ganyen da darɓa ta kama: idan ka ga wata 'yar ƙwaro ja mai zagaye da ɗigon baƙi a baya, ita kaɗai tana iya cin darɓa hamsin a rana. Ɗanta bai yi kama da ita ba ko kaɗan, dogo ne baƙi mai tabon ruwan lemo, kamar ɗan ƙaramin kada, kuma sau da yawa na ga manomi ya murƙushe shi da yatsa yana ganin ya kama ɓarawo. Cikin darɓar kuma za ka ga wasu sun kumbura sun bushe sun yi launin ƙasa, wasu da 'yar ƙofa a baya. Wata ƙaramar rina ce da ba ta kai ƙwayar gero ba ta saka ƙwai a cikinsu, ɗanta ya cinye su ta ciki ya fito. Ga ƙoƙi-ƙoƙi, ga mazari, ga gizo-gizo, ga kwaɗin da ke kwana a bakin rijiyarka.

Kada ka ɗauka wannan tatsuniyar malaman gona ce. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya dinga cinye rogo ƙasa bayan ƙasa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a wani shiri ƙarƙashin wani masani ɗan Suwizalan, Hans Herren, ta samo 'yar rinar da ke kashe shi daga Faraguwai, aka fara sakinta a Najeriya a 1981, har ta jirgin sama aka riƙa watsa ta daga baya. Ta shawo kan ƙwaron ba tare da manomi ya sayi ko kwalba ɗaya ba, shi kuma Herren ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Garin rogon da ake sha a Legas yau akwai hannun wannan ƙwaro a ciki.

To me feshin mako-mako yake yi? Maganin da ake sayarwa a shago yawanci ba ya tantancewa, kowa yake kashewa. Amma darɓa ko namiji ba ta jira, haihuwa take yi, 'yarta kuma cikin mako guda ta fara nata. Tsutsar alayyafo tana naɗe ganye ta ɓuya a ciki. Masu cin su kuwa a fili suke yawo, su ne farkon mutuwa, kuma sun fi jinkirin hayayyafa. Sai ɓarayin su dawo su tarar babu mai gadi. Waɗanda suka tsira daga maganin kuma su ne masu taurin rai, 'ya'yansu su gaje su, har ka kai inda kake yanzu. Ka tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari mutane a Mile 12. Manoma sun yi feshi har sun gaji, tsutsar tana cikin naman ganye ba ta ko ji ba.

Abin yi shi ne ka mayar da feshi ya zama sai an gani. Sau biyu a mako, da sassafe, ka bi bedi ka juya ganyen shuka goma. Idan ɓarnar a gefe ɗaya take, nan kaɗai za ka yi wa magani. Tsutsa idan ba ta yi yawa ba hannu ya ishe ta. Idan dole sai an fesa, fara da 'ya'yan darbejiya: gram 50 na dakakken ƙwallon a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma don rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kayar da tsutsa nan take, hana ta ci yake yi, saboda haka kada ka zo da safe ka ce bai yi ba. Duk motar da ke zuwa daga gida za a iya ɗoro maka buhu. Akwai kuma maganin Bt a wasu shagunan kayan gona, tsutsa kaɗai yake kamawa, ba ruwansa da zuma ko rina. Mai ƙarfi ka ajiye shi don ranar da abu ya ɓaci, ka duba kwanakin jira da ke jikin kwalbar kafin girbi, kada kuma ka maimaita iri ɗaya sau da yawa a jere. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci ganyen da za a ci. Sinadarinta ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Kokwamba idan tana fure kada ka yi feshi da safe, ƙudan zuma ne ke ɗaukar mata ƙura daga namijin fure zuwa macen, in babu su sai ka ga 'ya'yan sun karkace ko sun zube.

Waɗannan ma'aikatan kyauta suna buƙatar fure, don manyansu ruwan fure suke sha. Ka jera ɗoɗɗoya a bakin lambu ka bar wasu su yi fure. Yarbawa da Inyamurai suna sayenta sosai, don haka layin ma ba asara ba ne. Ka bar albasa da latas biyu ko uku su yi kai, ka sa ɗan riɗi ko wake a kusurwa.

Wata biyun farko bayan ka rage feshi za ka ga huji a ganye fiye da da, kuma a nan mafi yawa suke karaya. Shi ya sa ba na son ka gwada a lambu duka. Ware bedi ɗaya cikin biyar, waɗanda ke gefe guda inda iska ba ta kawo musu feshin saura. Sayi littafin 'yan makaranta, shafi ɗaya na sabon tsari, ɗaya na tsoho. Rubuta taki, magani, man injin ban-ruwa, kuɗin yaran aiki, kuɗin motar shara, da abin da aka saya kowane bedi. Har kwanakin da ka ɓata wurin juya tuli ka sa musu kuɗi, don aikin yana da nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Bayan zagaye uku littafin zai gaya maka ko ka faɗaɗa. In ka samu sarari wata rana ka tsallaka iyakar Seme ka je cibiyar noma ta Songhai a Porto-Novo, Jamhuriyar Benin, inda tun 1985 suke juya kashin dabba da sharar gona su zama taki da abincin kifi. Ba nisa daga inda kake.

Ka haɗa tulin farko a watan Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma busasshiyar ciyawa ta wadata, ya nuna kafin ruwan Maris. Ka riƙa ajiye tsofaffin buhuna a rumfa. Ranar da mai fili ya aiko a tashi, bedi dai ya tafi, amma abin da ke cikin tulin da saman ƙasar da ka gyara za ka ɗura ka ɗora a mota zuwa sabon wuri.